Motar Baban Kirsimeti Ba Ta Lalace A Falgore Ba

(Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda datarsu ba ta kai su saurara ba.)

Mutanen Bebeji, mutanen Ƙiru, na Tudun Wada da na Doguwa, da ku da ke karatu ko neman abinci a birni amma zuciyarku tana gida, ina gaishe ku.

Yau maganar Kirsimeti zan yi, kuma da iyaye Kirista nake, musamman mu matasa da muka fara tara iyali. 'Yan'uwana Musulmi kada ku gudu, ku zauna, don duk wanda ya taɓa ce wa yaro "tela ne bai gama ba" ana gobe Sallah, alhali ko yadin ba a yanka ba, to shi ma akwai rabonsa a ciki.

Bari in fara da abin da ya sa na ɗauko zancen.

Ina da ɗan yaya, namiji, lokacin shekararsa shida. Suna zaune a wani ƙauye ta wajen Tudun Wada, amma yana zuwa wata 'yar makarantar kuɗi a cikin gari. A ƙarshen zangon farko na 2024 makarantar ta shirya bikin rufe shekara, aka ce Baban Kirsimeti zai zo, wanda wasu ke kira Fada Kirismas. Kowane yaro a kawo masa kuɗin tikiti. Wanda aka biya masa, a shigar da shi wani ɗaki da aka yi wa ado da balan-balan, ya gaisa da mai jan kaya da farin gemu, a ba shi leda. Wanda ba a biya masa ba, ya tsaya a waje yana leƙe ta taga.

Yayata ba ta da kuɗin. Kun dai tuna yadda Disambar 2024 ta kasance. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan nan, kuma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota kaɗai ya ishi mutum. Masararsu kuma tun tana gona bashin taki ya riga ya cinye rabinta. Sai yaron ya dawo gida yana tambaya, me ya sa shi ba a ba shi ba? Ita kuma don ta kashe maganar sai ta ce masa, ai naka na musamman ne, har gida zai kawo maka ranar Kirsimeti.

Ranar Kirsimeti ta zo. An je sujada, an dawo, an ci shinkafa. Babu kowa. Ya sake tambaya. Ta ce masa motar Baban Kirsimeti ce ta lalace a dajin Falgore, ana gyara.

Na san wasu na dariya. Ni ma da ta ba ni labari na yi dariya, don wallahi ƙaryar ta yi tsari, duk wanda ke bin hanyar Kwanar Ɗangora zuwa Saminaka ya san mota na lalacewa a Falgore. Amma ku ji ƙarshen. Yaron nan ya ɗauki abin da gaske. Kwana uku yana sa motar a addu'arsa kafin barci, Allah ya sa a gyara ta, Allah ya tsare direban. Rana ta huɗu na je gaishe su. Ina zaune a kan tabarma, ya zo ya jingina da ni, ya yi shiru, can ya ce, "Kawu, ni ba yaron kirki ba ne?"

Na ce, wa ya faɗa maka haka?

Ya ce anti a makaranta ta ce Baban Kirsimeti yaran kirki kawai yake ba kyauta. Wane ya samu, kuma shi yana dukan mutane. Wance ta samu, kuma tana satar fensir.

Jama'a, yaron nan lissafi ya yi, kuma lissafinsa daidai ne bisa abin da manya suka ba shi. An ce masa mai kyautar ya san halin kowa. An ce masu kirki yake ba. Shi ba a ba shi ba. To me ya rage? Mu manya mun san cewa bambancinsa da wane ba hali ba ne, tikiti ne. Shi bai sani ba, domin mun ɓoye masa ainihin abin da zai sa ya gane.

Wannan shi ne abin da ya fi damuna da tatsuniyar nan idan ta sauka a irin garuruwanmu. A gidan masu hali ba ta cika ciwo ba, domin kyautar tana zuwa. A gidan talaka kuwa, tana ɗaukar rashin kuɗin uba ta mayar da shi laifin yaro.

To wai ma wane ne wannan Baban Kirsimetin? Don da yawanmu mun karɓe shi ne kawai, kamar yadda muke karɓar duk abin da ya fito daga TikTok.

Asalinsa mutum ne na gaske. Sunansa Nikolas, bishop ne a wani gari da ake kira Myra, a ƙasar da yau ake kira Turkiyya, a ƙarni na 4 bayan haihuwar Yesu. Garin yanzu sunansa Demre. Labarin da ya fi shahara a kansa, wanda aka riƙa bayarwa bayan mutuwarsa, zai yi muku kama da na gida. Wai akwai wani uba mai 'ya'ya mata uku, talauci ya kai shi har ba zai iya yi musu abin da za a kai su ɗakin miji da shi ba. Mu a nan sai mu ce kayan ɗaki. Sai Nikolas ya riƙa zuwa da dare yana jefa ƙullin zinariya ta taga, don kada uban ya ji kunya. A shekarar 1087 aka kwashe ƙasusuwansa zuwa garin Bari na Italiya. Ba Barinmu ta nan jihar Kano ba fa, inda Angilikan ke da dayosis, kada wani ya tashi gobe ya ce zai je ziyara. Har yau Katolika da wasu ɗariku suna tunawa da shi ranar 6 ga Disamba.

Mutanen Holan suna kiransa Sinterklaas, sunan ya haye zuwa Amurka ya koma Santa Claus. A can aka yi ta ɗora masa kaya: keken da dabbobi masu kama da barewa ke ja a sama, da gida a ƙarshen arewacin duniya cikin ƙanƙara. Wani mai zane, Thomas Nast, ya zana shi a mujallar Harper's Weekly tun 1863. Daga 1931 kamfanin Coca-Cola ya riƙa sa shi a talla, da zanen wani mai suna Haddon Sundblom. Ba su ne suka ƙirƙiro jan kayan ba, amma tallarsu ta taimaka wajen kafa wannan kamannin a idon duniya.

Ku lura da abin da ya faru a hanya. Mutumin da aka san shi da neman gidan da ba shi da komai, ya zama mutumin da ke zaune a ɗaki, sai mai tikiti ke ganinsa. Da Nikolas na gaske zai zo makarantar ɗan yayata, ai wajen masu leƙen taga zai nufa.

Kuma mu faɗi gaskiya, mu ba da wannan muka tashi ba. Ni dai a ƙauyenmu ban san wani Baban Kirsimeti ba sai da na shiga sakandare. Abin da muka sani shi ne kayan Kirsimeti. Ka san ranar da Baba ya ɗora buhun masara ko na shinkafa a kan mashin ya nufi kasuwa. Ka san ranar da Mama ta kwashi adashinta. Da kai ake zuwa wurin tela a gwada ka, a ce a ƙara tsawo don ya kai baɗi. Ka san kazar da aka ware tun damina, har suna kake sa mata, ranar yanka ka ɓuya a bayan rumbu. Mata na zumunta suna ta koyon waƙa da dare, matasa na shirya wasan haihuwar Yesu, a ɗaura wa wani zanen gado a ce shi ne mala'ika. In an taso daga sujada a zuba abinci a kwanuka, a aike mu gidajen maƙwabta Musulmi, kamar yadda su ma suke aiko mana da tuwon Sallah da naman layya. Da yamma mu bi gida-gida muna barka da Kirsimeti, a ba mu 'yan canji, kuma duk wanda ya ba ka, ka san fuskarsa, ka durƙusa ka yi godiya.

Babu abin ɓoyewa a cikin wannan. Kuma bai rage mana murna ba ko kaɗan. Ni har yau ina tuna wani takalmin roba da aka saya mini, na kwana da shi a ƙarƙashin matashi. Na san daga ina ya fito. Na ga gyaɗar da aka sayar.

Abin da tatsuniyar ke sacewa ke nan, na biyu. Uwa ta yi wata uku tana surfe, tana suyar ƙosai, tana hana kanta, ta sayi 'yar tsana ko ƙwallo, sannan ta miƙa godiyar ga wani Bature mai gemu da bai san hanyar Riruwai ba. Don me? Yaron da bai ga gumin da ke bayan kyauta ba, ta yaya zai koyi tausayin iyayensa? Gobe idan babu, ba zai ce Mama ba ta samu ba ne bana. Zai ce an hana shi.

Yanzu na san abin da wasu za su ce, don mun yi wannan gardamar da abokaina har dare ya raba. Za su ce, haba malam, wasa ne fa. Yara ne. Ka bar su su ji daɗin ƙuruciya, duniya za ta koya musu wahala da kanta. Kai ba a yi maka tatsuniya ba?

An yi mini, sosai ma. Kakata gwana ce. Amma ku tuna yadda Bahaushe ke yin tatsuniya. Kafin a fara sai an ce "ga ta nan, ga ta nanku", ku amsa. In an gama a rufe da "ƙurunƙus". Wato akwai ƙofar shiga, akwai ƙofar fita. Yaro ya san tsakanin ƙofofin nan biyu Gizo zai iya auren 'yar sarki, kura za ta iya magana. Ba wanda ya taɓa kwana uku yana addu'a Allah ya fitar da Gizo daga rami. Haka tashe a watan azumi, wanda mu ma 'ya'yan Kirista muke bi muna kallo. Yaro ya manna auduga a haɓa, ya ɗauki sanda, ya tanƙware baya ya zama tsoho. Kowa ya san ɗan gidan wane ne, shi ya sa ma ake dariya. Sanin bai kashe wasan ba, shi ne daɗin wasan.

Saboda haka ni ban ce a kori Baban Kirsimeti daga coci ko makaranta ba. Ku bar shi ya zo. Amma ya zo a matsayin tashe. A ce wa yara, yau Malam wane zai sa jan kaya da gemun auduga, zai yi mana wasan Nikolas, mutumin nan da ya taimaki talakawa a ɓoye. Za su yi ihu, za su yi tsalle, za su ja gemun. Abin da na ƙi shi ne a rufe ƙofar fita, yaro ya tambaye ka ido cikin ido, "da gaske ne?", ka ce masa da gaske ne.

Wasu kuma suka ce mini, ai a Turai yara suna ganewa da kansu, ba abin da ke samunsu. Akwai gaskiya a ciki. Masu binciken halayyar yara a Amurka, cikinsu har da Candice Mills ta jami'ar Texas da ke Dallas, sun gano cewa yawancin yara suna daina yarda da Santa ne a wajen shekara takwas, kuma da yawa abin bai dame su ba. Amma binciken ya nuna waɗanda suka fi jin zafi su ne waɗanda suka ji labarin kwatsam daga bakin wani, da waɗanda iyayensu suka dage sosai wajen tabbatar musu da abin. Sannan ku ƙara da wannan daga wurina: yaron da ya gane cewa iyayensa ne suke ajiye masa kyauta, ya gano abin farin ciki ne. Yaron da bai samu komai ba fa, me zai gano?

Sai magana ta uku, wadda ta fi nauyi a wurin mai bi. Bakin da ke ce wa yaro akwai wani da ba ka gani, ya san abin da kake yi, zai saka maka, shi ne bakin da ke koya masa addu'a. A makarantar Lahadi malama ɗaya ce ke ba da labarin haihuwar Yesu a Baitalami, ita ce kuma ke cewa Baban Kirsimeti na nan tafe. Yaro ɗan shekara shida ba shi da rariyar da zai tace wannan daga wancan. Ɗan yayata addu'a ya yi wa motar nan fa, ga Allah na gaske, a kan motar da babu ita. Ranar da ya gane, me zai ɗauka game da addu'ar da ya yi? Ba na cewa duk yaron da aka yi wa wannan zai bar bangaskiya, ƙarya ne in na ce haka. Amma mu da muke tsiraru a wannan yanki, da yaranmu ke fuskantar tambayoyi a kan addininsu tun suna firamare, jarin da muke da shi ɗaya ne: in Baba ya ce abu gaskiya ne, to gaskiya ne. Ban ga dalilin da zai sa mu kashe wannan jarin a kan ledar biskit ba.

Kuma labarin da ke cikin Littafi Mai Tsarki bai buƙaci ƙari ba. A Matiyu sura 2, masanan da suka zo daga gabas sun kawo zinariya da lubban da mur. Mutane ne, da ƙafarsu suka zo, an ga hannun da ya miƙa. Af, ko adadinsu ma ba a faɗa ba, mu ne muka ce uku saboda kyautar uku ce. Wannan ma wani abu ne da za ku iya gaya wa yara, suna son irin wannan.

Wani dattijo a cocinmu ya ƙalubalance ni da wata magana mai kyau. Ya ce, ɗana, ai Yesu da kansa ya koyar a yi kyauta a ɓoye, to in mun ɓoye sunan mai bayarwa laifi ne? Na ce, Baba, ba laifi ba ne, amma sirri daban, ƙarya daban. In zumuntar mata ta haɗa kuɗi ta ɗinka wa marayu kaya, aka ce wa yaro, "wasu masu ƙaunarka ne suka aiko, sun ce kada a faɗi sunansu", gaskiya aka faɗa masa. Ya san mutane ne, a garin nan suke, wataƙila ma yana gaishe su kullum. Zai tashi yana kallon jama'arsa da ido mai kyau. Wannan shi ne aikin Nikolas. Dattijon ya yi murmushi ya ce, to ka je ka faɗa wa masu makarantun kuɗi.

To ga shi ina faɗa. Masu makarantu, da shugabannin matasa a coci, don Allah: in za ku yi bikin yara, ko dai kowane yaro ya samu, ko da alewa ɗaya ce, ko kuwa ku fito fili ku ce wannan leda iyayenku ne suka biya. Kuma ku cire maganar nan ta "yaran kirki kawai". Ba tarbiyya ba ce, barazana ce, kuma a kan ɗan talaka take sauka.

Iyaye kuma, na san abin da ke da wuya ba bayanin Nikolas ba ne. Abin da ke da wuya shi ne ka dubi ɗanka ka ce babu. Kunya ce ke sa mu ƙirƙiro motar da ta lalace. Ni ma namiji ne, na san yadda kalmar nan take maƙalewa a maƙogwaro. Amma ba sai ka zazzage wa yaro duk damuwarka ba, ba sai ya san nawa ake binka ba. Ka ba shi daidai abin da zai iya ɗauka. "Bana masara ba ta yi kuɗi ba, ba za mu iya sabon ɗinki ba, amma za mu wanke na bara mu goge, kuma akwai kaza." Zai yi kuka, ƙwarai. Kukan yini ɗaya ne. Kuma in kana son ya zaɓa, ba shi zaɓin gaske: takalmi ko riga, ɗaya za mu iya. Za ka sha mamakin yadda yaro ke riƙe abin da shi ya zaɓa.

Kada kuma ka yi alkawarin da ka san ba za ka cika ba. "Sai sabuwar shekara", "sai Ista", "sai kawunka na Kano ya zo". Mu kawunnan Kano mun gaji, ana ta rataya mana bashin da ba mu san da shi ba.

In ɗanka ya riga ya yarda da Baban Kirsimeti fa? Kada ka fasa masa kamar tulu. Jira ya tambaya, ko ka buɗe zancen da labarin Nikolas, ka tambaye shi, kai me kake gani? Sau da yawa za ka tarar ya riga ya fara zargi, ya ga takalmin Malam a ƙarƙashin jan wandon. Ka yaba masa da ya gano. Sannan ka ja masa kunne kada ya je ya yi wa 'yan ajinsu dariya, wannan aikin iyayensu ne.

Mu koma kan tabarmar nan. Da ya yi mini tambayar, na kira yayata. Na ce, Yaya, zo ki ji abin da ɗanki ke cewa. Ta ji. Ta zauna, ta daɗe ba ta ce komai ba. Sai ta jawo shi ta ce, "Babu wata mota. Ni ce ban da kuɗin tikiti, kuma na ji kunyar faɗa maka. Wanda ka gani a makaranta mutum ne ya sa kaya. Kai yaron kirki ne, ni na haife ka, na fi kowa sani."

Ya dube ta, ya dube ni. Tambayar farko da ya yi ita ce, to direban fa, yana lafiya? Muka ce babu direba. Ya yi ajiyar zuciya, wai dama yana tsoron kada dare ya yi masa a daji.

Bana tun watan Oktoba ta nuna masa wata kaza ta ce wannan taka ce, in ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe, abin da aka sayar na takalminka ne. Ta ƙyanƙyashe bakwai, shaho ya ɗauki biyu. Da na kira su shekaranjiya, shi ya karɓi wayar, ya ce, "Kawu, saura biyar, ina gadinsu." Ranar kasuwa mai zuwa da shi za a je.

Nan za mu dakata a shirin yau. Masu tafiya gida hutu, Allah ya kai ku lafiya, masu bi ta Falgore a duba taya da ruwan mota tun daga Kwanar Ɗangora. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.